Me Ke Hana A Fara Wa Jariri Maganin HIV Da Wuri?

Kin tambaya me ya sa ake jinkiri alhali maganin yana nan. Babban cikas gwaji ne. Gwajin gaggawa na manya ba ya tabbatar da cutar ga jariri kafin wata 18, domin garkuwar uwa na jininsa. Sai an yi na PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta, a sati 4 zuwa 6 da haihuwa. Ana ɗiga jinin dunduniyar jariri a takarda, a aika nesa, sakamako ya daɗe, uwa kuma kuɗin mota ko tsoron tsangwama ya hana ta komawa.

'Yar'uwa, kada ki jira ya fara ciwo. Rabin jarirai masu cutar da ba a ba magani ba ba sa kai shekara 2. Ki bibiyi sakamakon a asibiti, likita zai daidaita magani da nauyinsa.