Jirgina Ya Fara Yoyo Da Shigowar Hunturu, Tanti Kuma Ya Kusa Kifar Da Mu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara girma. Ni masunci ne a wata tunga da ke gabas da garin Lagdo, a arewacin Kamaru. Ina da jirgin katako mai tsawon mita 7 da na gada wajen mahaifina. Ba ni da inji, sai filafili da gora da wani tanti da na ɗinka da buhunan shinkafa don iska ta riƙa tura jirgin. Tun da hunturu ya kama jirgin yake shan ruwa ta gefe, musamman in na yi lodi. Abokaina sun ce in ja shi tudu ya yi wata guda ya bushe sarai, sannan in danna masa tsumma in zuba kwalta. Sai kuma makon jiya iska ta bugi tantin, saura ƙiris mu kife ni da ƙanena. Na ƙarshe, in za ni kasuwar Lagdo iska ke kai ni, amma dawowa sai tuƙin hannu har kafaɗa ta sage. Ku ba ni shawara don Allah.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma ƙara tsarewa. Kafin komai, kada ka ja jirgin nan tudu ka bar shi wata guda a cikin wannan iska. Abokanka da alheri suke nufi, amma shawarar tasu ita ce garin neman gira a rasa ido.

Lura da abin da ka faɗa da bakinka: ta gefe yake sha, kuma sai ka yi lodi. Wato gindin jirgin lafiyarsa ƙalau. Katakon da ke cikin ruwa dare da rana a kumbure yake, kowanne ya matse ɗan'uwansa, babu inda ruwa zai bi. Na sama, wanda iska ke duka, shi ne ya tsuke. Katako yana shan laima yana fitarwa kamar soso, kuma tsukewarsa ta faɗi ce, tsawonsa kusan ba ya motsi. Falle mai faɗin santimita 30, daga jiƙe zuwa bushewa ƙayau, zai iya rage kusan santimita 1. Da hunturu, a Garwa da kewaye, laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. To ga gindi a jiƙe, ga gefe ya bushe, sai mahaɗar da ke tsakaninsu ta buɗe baki. Jirgi babu kaya tana sama da ruwa, ba ka ganin komai. Ka ɗora kifi da buhun masara ta nutse, sai yoyo.

Yanzu ɗauka ka bi shawarar. Wata guda a tudu, gindin ma zai tsuke, kowace mahaɗa ta wangale har ka hango ƙasa ta ciki. Ka ga rami, ka danna tsumma da guduma har ya cika dam. Ranar da ka mayar da shi ruwa katako zai nemi komawa faɗinsa na da, ya tarar ka cushe wurin. Ƙarfin kumburin katako ba abin wasa ba ne: ko ya tumɓuke ƙusa daga haƙarƙarin jirgi, ko fallen ya lanƙwashe, ko ya tsage ta layin ƙusoshi. An taɓa kawo mini wani jirgi a tafkin Maga da aka yi wa wannan aiki. Mai shi ya zo neman a toshe masa yoyo, ya koma da falle uku sababbi.

Mai yiwuwa abokanka sun ji cewa Turawa na fitar da jiragensu da sanyi. Haka ne, a arewacin Turai da Kanada ana yi, amma dalilinsu ƙanƙara ce. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu da cikin inji, ƙanƙarar tafki kuma ta matse jikin jirgi. Ko a can, masu jirgin katako suna tsoron bushewa, kuma in za su mayar da shi ruwa sai sun ba shi kwanaki ya sha ya kumbura tukuna. Mu sanyinmu busasshe ne, ƙishirwa yake sa wa katako.

Abin da za ka yi shi ne ka fara da ban ruwa. Ka kai jirgin wuri marar zurfi mai yashi, ka cika shi ya nutse har baki, ka ɗaure shi, ya kwana biyu ko uku. In ba za ka iya rasa kamun kwana uku ba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a gefunan, kana watsa musu ruwa safe da yamma, da rana kuma ka rufa masa zana ko tabarma. Bayan ka kwarfe, ka yi lodi ka duba. Yawancin yoyon zai ɗauke da kansa. Inda ya rage ka shata da gawayi, nan ne aikinka.

A nan ne za ka ja shi gaɓa, na yini ɗaya ko biyu kawai, a inuwa, bisa itatuwa don kada ya taɓa ƙasa gara ta same shi. Ka kankare tsohuwar kwalta da ruɓaɓɓen tsumma. Ka murza auduga ko zaren buhun algarara siriri, ka tura da bakin katako mai faɗi, a hankali. Kurfi yana yanke gefen falle, kada ka sa shi. Ma'aunin shi ne ta zauna daram amma in ka danna da babban yatsa ka ji tana ɗan lotsawa. Sannan kwalta mai ɗumi a kai, bayan fuskar katakon ta sha iska, don kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen wuri. In mahaɗar ta yi faɗi da yawa, ka shimfiɗa ƙyalle da ya sha kwalta, ka ɗora siririn kwano, ka bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Wutar narka kwalta kuwa ka hura ta nesa da jirgi da koma, ka san yadda hunturu yake da gobara.

Akwai abu biyu da nake gani a tungaye da ba na so. Ɗaya farin soson nan na cikin kwalin talabijin da ake narkarwa a fetur. Yana toshewa yau, amma in ya bushe ƙanƙarewa yake yi, katako na motsi ya tsage. A tsakiyar tafki don ka kai gaɓa, babu laifi. Ɗayan baƙin man inji da ake shafe jirgi da shi. Fenti da kwalta ba sa kama inda ya taɓa, kuma ƙarshensa cikin ruwan da kake sha kake kuma kamun ƙarfasa zai tafi.

Tunda jirgin gado ne, kana kan aikin ka bi shi da tsinin wuƙa. Ka soka a gindin haƙarƙari, da ƙarƙashin wurin zama, da inda sandar tanti take tsayawa, da hanci da baya inda ruwa ke kwanciya. Wuƙa ta shige kamar cikin rogo, wurin ya ruɓe, kwalta ba ta maganinsa, sai canji. Duk inda ka ga baƙin zobe kewaye da kan ƙusa, tsatsa ta ci ta ta ciki. Ka buga wata a gefenta, mai ruwan tutiya in ka samu. In canjin falle ya kama, loko da maɗaci sun fi jure ruwa. Farin katakon nan marar nauyi da ake kawowa daga kudu yana da araha da daɗin aiki, amma ba ya daɗewa a gindin jirgi. Babban gyara irin wannan ka ajiye shi sai hutun kamun kifi na damina, lokacin da iska ke da laima kuma ba ka asarar kasuwa.

Mu koma kan tanti, don shi ne mai ɗaukar rai.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Ƙurar da kake shaƙa a Lagdo, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take, a arewacin Cadi, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Tana da ɗabi'a guda da ya kamata duk mai tanti ya sani. Da dare iska mai ƙarfi tana gudu can sama, ƙasa kuwa sanyi ya kwanta shiru. Rana na ɗumama ƙasa sai ta sauko. Shi ya sa za ka fita da asuba ruwa kamar faranti, hantsi na yi ka ga tafki ya yi fari. Ina kyautata zaton a wannan lokaci ne ta buge ku. Ƙari a kan haka, Lagdo tafkin madatsa ne, an tare kogin Binuwai tsakanin duwatsu, an gama aikin a 1982, ruwan ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 500. Duwatsun nan suna karya iska, ta ɗauke ɗif a bayan tsauni, kana fitowa ta faɗo maka gaba ɗaya.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun tanti da shi ninkawa huɗu yake yi. Daga kilomita 20 a awa zuwa 30, kai a fuskarka ƙari kaɗan za ka ji, tanti kuwa ya sha fiye da ninki biyu. Don haka tantin da ya dace da kaka ya yi wa hunturu yawa. Ka ɗinka jerin gajerun igiyoyi a kwance, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan tantin, yadda za ka naɗe ƙasan ka ɗaure, ka sauko da saman. Kuma tun a gaɓa ake ragewa. Mutum ya miƙe tsaye cikin siririn jirgi yana kokawa da buhu a tsakiyar igiyar ruwa, nan ake faɗawa.

Igiyar da ke jan kusurwar tanti, kada ka ƙulle ta ko da wasa. Na san hannu na gajiya, na san ana son a ɗaure a samu a gyara kalli, wato ragar kamun kifi. Ka zagaya ta sau ɗaya a jikin katako don ta rage maka nauyi, bakinta yana hannunka ko na ƙanenka. Iska ta buga, a saki, tanti ya yi ta faɗa shi kaɗai, jirgi ya miƙe. Igiyar ɗaga tanti ma ƙullin zarge za ka yi mata, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Ƙanenka ya zauna a ƙasan jirgi, ta gefen da iska ke fitowa, kaya masu nauyi su ma a ƙasa, a ɗaure.

Kuma ka ga inda matsalarka ta farko ta haɗu da ta biyu. In shimfiɗar jirginka ta kai mita 6 a tsawo da mita 1 a faɗi, ruwa mai zurfin santimita 5 kacal lita 300 ne, kilo 300 ke nan, nauyin buhu shida na siminti. Buhun siminti yana zama inda ka ajiye shi. Ruwa kuwa jirgi na karkatawa zai kwarara gaba ɗaya gefen da ya yi ƙasa, ya taya iska aikinta. Kada ka ɗaga tanti sai ka kwarfe tas. Yankakken galan ɗinka ka ɗaure shi da igiya, don shi ne abu na farko da ke ɓacewa in an kife. Ka ɗaure jarkoki biyu ko uku na lita 20 a ƙarƙashin wurin zama, babu komai ciki, murfi a datse. Kowace tana ɗaga kusan kilo 20. In ta faru, Allah ya kiyaye, ku riƙe jirgin, katako ba ya saurin nutsewa kuma an fi hango shi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, gwanin iyo ma da sanyin Janairu hannunsa mutuwa yake yi. Rigar ruwa in ka samu ka saya, ko ta ƙanenka kaɗai ka fara da ita.

Batun dawowa daga kasuwa, ba zan yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Babu jirgin tanti a duniya da ke shiga cikin idon iska kai tsaye. Na zamani masu doguwar ƙafa a ƙarƙashi ma kusan digiri 45 suke kaucewa, su yi ta kai gwauro da mari har su isa. Naka gindinsa a shimfiɗe yake, in iska ta zo ta gefe zamewa yake yi kamar tasa. Maganin zamewa tsoho ne, mutanen Holan sun daɗe suna yi a jiragensu masu shimfiɗaɗɗen gindi: allon gefe. Ka samu falle mai ƙwari, tsawon mita 1 da 'yan kai, faɗin santimita 30, ka fere gefunansa, ka rataye shi a gefen da iska ke tura ka, ɗan baya kaɗan da sandar tanti, ya nutse ƙasa da gindin jirgi. Da igiya za ka rataye shi ko ƙusa mai noti guda ɗaya, don in ya ci karo da kututturen itacen da ruwa ya cinye ya ɗago da kansa maimakon ya ɓalle maka gefe. In ka juya, ka mayar da shi ɗaya gefen.

Allon kaɗai ba zai isa ba in tantin ya zama jaka. Buhu yana saki, rana kuma tana cinye shi har ya riƙa marmashewa, shi ya sa nake cewa a naɗe shi a sa inuwa in an sauka. Don yanke iska ana son tanti shafaffe mai kusurwa uku, gefensa na gaba a ɗaure tam jikin doguwar gora, irin na jiragen kogin Nilu da na Zanzibar. Tamfol mai sauƙi ya fi buhu. Da waɗannan biyun za ka iya ratsa iska a gicciye, har ka ɗan hau ta kaɗan, ka rage rabin tuƙin ko fiye. Ka fara gwadawa kusa da gaɓa, jirgi babu kaya, inda ƙafarka ke taɓa ƙasa kuma ka san dorina ba ta kwana.

Sauran kuwa lokaci ne. Ka tafi kasuwa da iskar safe tana bayanka, da ragaggen tanti, kana lura, don mai gudu gaban iska ba ya jin ainihin ƙarfinta sai ya juya. Ka dawo bayan la'asar in ta lafa, ka bi gaɓar da iska ke fitowa ta wajenta, can ruwa ya fi kwanciya, ka isa tunga kafin magariba. Ranar da hazo ya rufe har ka kasa ganin dutsen da ka saba saiti da shi, kifin nan ka shanya shi ko ka yi banda, kasuwa ta gaba ka kai.