Ku Tambayi Injiniya: Tsohuwar kwamfuta ta ƙi ganin modam

TAMBAYA: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ina koyar da ɗalibai gyaran kwamfuta a wata 'yar makaranta a Fagge. Muna da tsohuwar Pentium 4 mai Windows XP, akwai katin modam a cikinta irin na layin tarho, wato wanda ke haɗa kwamfuta da intanet ko faks ta wayar tarho. Tun da aka yi mata fomat ta daina ganinsa, in na je haɗa layi sai ta ce babu modam. Na sauya wayar tarho har sau biyu, ba abin da ya canja. Katin ne ya mutu? Daga wani malami a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar wayar tarhon nan ta huta, ba laifinta ba ne. Kwamfuta tana gane modam ko da ba a jona masa waya ko ɗaya ba, domin ta jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, suke magana. Wayar sai lokacin buga lamba take da amfani. Abin da za ka fara tantancewa ɗaya ne: kwamfutar ba ta ganin katin kwata-kwata, ko tana ganinsa amma ba ta san ko wane ne ba? Maganin wannan daban, na wancan daban, kuma da yake bayan fomat abin ya faru, mun fi zargin na biyun.

Ka latsa Start, ka shiga Run, ka rubuta devmgmt.msc. Jerin kayan da ke jikin kwamfutar zai buɗe. In ka ga alamar tambaya rawaya da rubutu kamar "PCI Simple Communications Controller", to katinka na nan da ransa, direba ya rasa, wato manhajar da ke nuna wa Windows yadda zai yi aiki da katin. In ka buɗe shi za ka ga lamba 28, ma'anarta ke nan ba a ɗora direba ba.

Dalilin da ya sa hakan ke yawan faruwa shi ne, galibin modam na ciki da aka riƙa sayarwa da araha daga ƙarshen shekarun 1990 rabin modam ne. Ana kiransu Winmodem. An cire musu ɓangaren da ke sarrafa sauti da bayanai, aka ɗora wa furosesa aikin ta hanyar direba. Ba direba, katin ya zama gangar jiki kawai. Shi ya sa zaɓen "Standard 56000 bps Modem" daga jerin Windows ba ya yi musu aiki, ko da kuwa ya nuna kamar ya hau.

Wajen neman direban nan ne mutane ke ɓata, suna bin sunan da ke jikin kwali. Sunan kwali ba ya da amfani, kamfanoni da yawa suna sayen aisi (IC, ɗan guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar katin) iri ɗaya su manna sunansu. Ka duba babban baƙin aisin da ke tsakiyar katin, za ka ga Conexant, ko Lucent, ko Agere, ko Motorola SM56, ko PCtel, ko Intel 536EP. In takarda ta rufe shi ko rubutun ya goge, ka buɗe wannan alamar tambayar, ka shiga Details (sai XP mai Service Pack 2 zuwa sama yake da shafin). Za ka ga rubutu mai farawa da VEN da lambobi huɗu, sai DEV da wasu huɗu. VEN_14F1 na Conexant ne, 11C1 na Lucent da Agere, 1057 na Motorola, 134D na PCtel, 8086 na Intel. Ka kwafi lambobin biyu tare, da su za ka nemo direban a wata kwamfutar, ka ɗauko a filas. Ka tabbatar na XP ne. Na Windows 98 ba zai hau daidai ba. Kuma in ka riga ka gwada wani direban da bai dace ba, ka cire shi tukuna ka sake kunna kwamfutar, in ba haka ba Windows zai yi ta komawa kan tsohon.

To in kuwa ka duba jerin babu alamar tambaya, babu modam, babu komai, nan ne sai an ɗauko sukudireba. Ka kashe, ka zare wayar wuta daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba, domin bod irin na Pentium 4 yana riƙe da 'yar wuta ta bolt 5 ko a kashe yake. Ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta zube, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa katin. Wannan ba camfi ba ne, musamman da hunturu, lokacin da mutum kan ji ƙyas in ya taɓa ƙarfen ƙofa.

Ka kwance notin, ka zare katin a miƙe. Haƙoransa masu ruwan zinare ka goge su da robar goge fensir har su yi haske, ka share da ƙyalle mai ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Ramin kuma ka hure shi da bulowa, kada ka sa baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Kwamfutar da ta shekara goma tana shaƙar ƙurar Kano, ba mamaki haƙori ɗaya ko biyu su daina taɓawa. Sannan kada ka mayar da shi inda ka ciro shi. Ka sa shi a wani farin ramin PCI daban, ka guji wanda ke maƙwabtaka da katin hoto, domin sau da yawa layin katsewa ɗaya suke rabawa, wato IRQ, layin da kati ke kiran hankalin furosesa da shi. Ka danna shi har ya zauna daram. Wani lokacin ƙarfen bayan katin a lanƙwashe yake, kana ɗaure noti sai ɗaya gefen ya ɗago, don haka ka sake dubawa bayan ka ɗaure.

In har yanzu shiru, ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod, lokacin tashi, yawanci da Del ko F2. Ka nemi "Reset Configuration Data" ka kunna shi sau ɗaya, zai sa bod ya sake ƙirga katunan da ke jikinsa. Ka kuma lura da kwanan wata: in kullum yana komawa wata tsohuwar shekara, batirin nan mai kama da sisi, CR2032 mai bolt 3, ya mutu, kuma duk saitin da ka yi zai gudu da an ɗauke wuta. Gwaji na ƙarshe shi ne a sa katin a wata kwamfutar. Ita ma in ba ta gan shi ba, ya mutu, kuma ba a gyara shi. Ka leƙa wajen masu tsofaffin kaya a Beirut Road ko Sabon Gari ka nemi wani.

Bayan direba ya hau, ka shiga Control Panel, Phone and Modem Options, ka zaɓi modam ɗin, ka je Diagnostics ka latsa Query Modem. In ya amsa da jerin rubutu, ya tashi. Ga ɗalibai ma ya fi daɗi a buɗe HyperTerminal, manhajar da ake magana da modam kai tsaye da ita, a rubuta AT, su ga ya amsa OK da idonsu.

Abu guda dai, Malam: tashinsa ba ya nufin za ka shiga intanet. Sai da layin tarho mai rai da kuma kamfanin da zai amsa kiran a ɗaya gefen. Layukan NITEL masu 064 da Kano ta sani sun zama tarihi, kadarorin kamfanin ma an miƙa wa NATCOM tun 2015. Don darasi, ko faks, ko haɗa kwamfutoci biyu ta ƙaramin injin raba layi na ofis, yana nan da amfaninsa. A nan ma kada ka sa ran gudun 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa, modam biyu na gida ba sa wuce 33.6k a tsakaninsu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tawa ta fi waccan tsufa, Windows 98 ce, katin kuma a wani dogon baƙin rami yake. Da zarar modam ya fara aiki sai maus ya daskare. Daga wani mai ɗab'i a Gwale.

AMSA: Alhaji, naka katin ISA ne, kuma mun tabbata maus ɗinka irin mai faffaɗan kai ne mai fil tara. Faɗan gado suke yi. A cikin ƙofofin COM da maus da modam ke amfani da su, COM1 da COM3 duk IRQ 4 suke hawa, COM2 da COM4 kuma IRQ 3. In maus na COM1 aka sa modam a COM3, ɗaya sai ya danne ɗaya. Ka shiga BIOS ka kashe Serial Port 2, wato COM2 na jikin bod, sannan ka zaro katin ka duba 'yan ƙananan hulunan roba da ke kan filolinsa. Yawanci an zana teburin yadda ake jera su a jikin katin. Ka mayar da shi COM2, IRQ 3. Ko kuma in bod ɗin yana da zagayayyen ramin PS/2, ka sayi maus irinsa, rigima ta ƙare, domin shi IRQ 12 yake hawa. Kada ka yar da katin nan, yawancin irinsa cikakken modam ne da bai dogara da direba na musamman ba.

TAMBAYA: Kwamfuta tana ganin modam, amma tun bayan ruwan da aka yi da tsawa take ba ni Error 680 in zan tura faks. Daga wata sakatariya a Tarauni.

AMSA: Hajiya, 680 na nufin bai ji sautin layi ba. Ki zare wayar daga kwamfuta ki sa ta a kan tarho. In babu sauti, matsalar layi ce, ki kira mai kula da shi. In akwai, ki duba bayan katin: ramuka biyu ne, LINE da PHONE, wayar bango a LINE take shiga, kuma a kiyaye kada a cusa ta a ramin netwok mai faɗi da ke kusa. In a ofishinku sai an danna 9 kafin a fita waje, ki sa 9 da waƙafi a gaban lambar, ki kuma cire alamar da ke kan "Wait for dial tone before dialing".

Duk in an yi wannan bai ji ba, to tsawar ta biyo waya ta ƙona ɓangaren da ke karɓar layi. Shi ya sa yake ruɗa mutane: Query Modem zai amsa lafiya lau, saboda aisin da ke magana da kwamfuta bai taɓu ba. Sai sabon kati, ko modam na USB. Da damina ki riƙa zare wayar tarhon in hadari ya haɗo. Sitabilaizar da ke kan wayar wuta ba ruwanta da abin da ya shigo ta layin tarho.