Tambaya da Amsa: Zane ko Karatu, Dole Sai Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, amma tun ina firamare zane ne ya shiga raina. Baba ya ce in ajiye burushi in fuskanci karatu. Dole sai na zaɓi ɗaya? Wata ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yata. Ba dole ba ne, kuma wasiƙarki ta tuno min da Char Davies, wata mai zane 'yar Kanada. Ba ta gani nesa, in ta cire tabarau komai dishi-dishi take ganinsa, kuma haka ta riƙa zana duniya da fenti. A ƙarshen shekarun 1980 ta shiga kamfanin Softimage a Montreal, masu haɗa manhajar zane a kwamfuta. A 1995 ta fito da Osmose, wata duniya da aka ƙirƙira a kwamfuta, wadda ake shiga ta hanyar sanya na'urar kallo a kai da wata riga a ƙirji. Ba a riƙe komai a hannu. Ka ja numfashi ka yi sama, ka sake shi ka yi ƙasa, ka karkata jiki ka juya. Daga nutso a teku ta ɗauko dabarar, da sanin cewa wanda ya lura da numfashinsa hankalinsa kan kwanta. Wannan ba darasin ajinku ba ne?

Akwai kuma SnowWorld, duniyar ƙanƙara da Hunter Hoffman da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Washington ta Amurka. Ana sanya wa masu ƙuna na'urar lokacin wankin ciwo, hankalinsu ya tafi ga jifa da ƙanƙara, raɗaɗin ya ragu. Duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta karye, don na taɓa jinyar yaron da tafasasshen ruwa ya ƙona.

Kada ki yi jayayya da Baba, tsoron makomarki ne ya sa shi magana. Ki riƙe karatunki da kyau ya ga sakamako. A hutu ki sauke Blender, manhajar zane da gina abubuwa a kwamfuta, kyauta ce, ki fara da gina ɗaki guda wanda mai fargaba zai shiga ya samu natsuwa. In kin gama, Baba za ki fara nuna wa.