Shin akwai dokar da ta hana kama tsuntsayen daji?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a fadamar Gashuwa. Jan baki suna cinye mana amfanin gona, amma na ji an ce kama tsuntsu laifi ne. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Doka ba ta yi wa tsuntsaye kuɗin goro ba. Jan baki ba ya cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu, shi ya sa gwamnati da kanta takan tura jiragen sama su yi masa feshi, don haka korarsa daga gonarka ko ɗana masa raga ba laifi ba ne.

Waɗanda doka ta tsaya wa su ne irin su aku da ungulu da gauraka. Dokar tarayya ta 1985, wadda aka ƙara wa tsananin tara a 2016, ta kasa namun daji gida biyu: akwai waɗanda aka haramta farautarsu da cinikinsu kwata-kwata, kamar aku, akwai kuma waɗanda sai da lasisi. Tun kafin ita akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963. Abin takaici shi ne har yau ana baje kawunan ungulu a wajen 'yan magani a kasuwanninmu, alhali ita ce ke share mushe kafin ya yaɗa cuta.

Sannan akwai batun wuri, wanda ya fi shafar ku. Dagona, da ke ƙasar Bade kusa da ku, tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, kuma a cikinta ba a yarda da harbi ko ɗana tarko ba, kowane irin tsuntsu ne, domin nan ne tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai suke sauka. Tafkin Nguru kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000.

A ganina, ba mafarauci ne ya fi yi wa wannan dausayi illa ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a fadamar ya ragu, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, kuma a cikinta jan bakin da ke damun ku yake kwana ya hayayyafa. Idan ƙungiyarku ta manoma za ta kai kuka, ta fara da neman a yashe kacallar nan.