Amsar tambayarka kan dokin da muka janye ranar Asabar

Ɗana, na ga saƙonka da daddare. Ka ce abu biyu ne suka tsaya maka a rai. Na farko, mun shafe mako shida muna shirya jan dokin nan, kai ne ma kake fita da shi kilisa kullum da asuba, amma safiyar Asabar, yana cikin mota har an kama hanya, na ce a juyo. Na biyu, ka ji ina ɗaga murya a waya da ofishin hukumar tsere, shi ne kake tambaya ko masu tsara jadawalin nan ba su san doki ba ne, kuma in haka ne me ya hana masu horarwa su haɗa kai su ƙi fito da dawakinsu.

Bari in fara da Asabar ɗin. Ka tuna tseren ba Asabar aka sa shi da farko ba. Laraba ce ta makon da ya gabata, aka ɗaga shi kwana goma. Kai a wurinka kwana goma ƙarin lokacin shiri ne, na ji ka ma kana cewa gaba ta kai mu. A wurin doki ba haka ba ne. Dokin tsere yana da ganiya, kuma ba ta daɗewa. Sukuwa mai ƙarfi ta ƙarshe ana ba shi ita kwana huɗu ko biyar kafin ranar, daga nan a sassauta masa aiki har ya matsu ya yi gudu. In an ɗaga ranar bayan ka riga ka yi wannan, ka shiga tsaka mai wuya. Ka ƙara masa wata sukuwar, ka ci daga ƙarfin ƙafarsa. Ka bar shi, ya yi nauyi, numfashinsa ya ragu. Na zaɓi in ƙara masa rabin sukuwa, kuma ka ga abin da ya biyo baya da idonka: kwana biyu yana barin hatsi a kwano, yana cizon ragama in ka zo ɗaure shi.

Duk da haka na tabbatar da sunansa ranar Alhamis, don sanarwar da mai kula da fili ya fitar ta ce ƙasar tana da ɗan laushi, kuma za a ci gaba da ba ta ruwa. Safiyar Asabar wani abokina da ya riga mu isa ya taka filin da ƙafarsa, ya kira ni ya ce ya soka sanda a kwanar ƙarshe ta ƙi shiga, wurin ya zama fako. Kai ba ka zo ba tukuna bara lokacin da jijiyar ƙafarsa ta gaba ta hagu ta ɗauki zafi. Wata huɗu muka yi muna fama da ruwan sanyi da bandeji. Doki mai nauyin kilo kusan 500, da mutum a bayansa, yana dira da ƙafa ɗaya a kan busasshiyar ƙasa cikin cikakken gudu, jijiyar da ta taɓa ciwo ba ta yafe wannan. Shi ya sa na ce a juyo. Ihun da ka ji kuwa, ce mini aka yi tunda a takarda yanayin ƙasa bai canza ba, janyewar tawa ba ta da hujja, sai in biya tara. Na tambayi mutumin ko ya taka filin yau, ya ce shi abin da ke gabansa a kwamfuta yake karantawa. Na yi fushi, amma daga baya na kira na ba shi haƙuri. Ba shi ya hana ƙasa ruwa ba.

To, batun ko sun san doki. Sun sani. A ofisoshin nan akwai tsofaffin mahaya, akwai likitocin dabbobi, akwai waɗanda suka yi shekaru suna kwashe kashin doki kamar yadda kake yi yanzu. Abin da ya raba mu da su shi ne wanda kowa yake wa aiki. Ni dawaki goma sha takwas nake kallo, kowanne da halinsa. Su kuwa suna kallon masu filaye da ke son ranar da jama'a za su cika, da gidajen talabijin da ke son kada tsere biyu su tashi a minti ɗaya, da kamfanonin caca waɗanda, ko muna so ko ba ma so, kuɗinsu ne ke riƙe da kaso mai yawa na harkar a ƙasashe da dama. A Birtaniya ana shirya taron tsere sama da 1,400 a shekara, kuma ana fitar da jerin ranakun watanni kafin shekarar ta kama. Wanda ya rubuta wannan jeri bai san dokinka zai yi tari a watan Mayu ba, kuma ko ya sani ba zai gyara ba.

Wannan ban cika ganin laifinsu a kai ba. Inda nake ganin laifi shi ne rashin duba dawakin da ke ƙasa kafin a rubuta sharuɗɗan tsere. Ka ɗauki jan dokin nan. Tazarar da ta dace da shi mita 1,600 ce, kuma makinsa, wato lambar da hukuma ke ba doki gwargwadon ƙwazonsa, ya sa shi a aji na tsakiya. Watan jiya tsere uku irin nasa aka cusa a ƙarshen mako guda, a filaye uku, kowanne ya tashi da dawaki biyar ko shida. Yanzu kuma sai nan da mako biyar kafin a sake samun ko ɗaya, kuma ranar dawaki talatin za su nemi gurbi goma sha huɗu, a cire masu ƙarancin maki. Hukuma tana da sunan kowane doki da shekarunsa da makinsa a ajiye. Lissafin raba tseren nan bai fi ƙarfin akawu ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa masu horarwa tuwo a ƙwarya, fiye da tara, fiye ma da ƙarancin kuɗin kyauta.

Sai kuma lokacin tabbatar da suna. A Birtaniya akan yi rajistar doki kwana biyar ko shida kafin tsere, sannan tun 2006 tseren da ba na tsallake shinge ba sai ka tabbatar da dokinka sa'a 48 kafin ranar, maimakon 24 da ake yi a da. An yi haka ne don jaridu da masu sayar da hotunan tseren a ƙasashen waje su sami sunaye da wuri. Masu horarwa sun yi ta ƙorafi, kuma suna da gaskiya: cikin kwana biyu sama tana iya zubar da ruwan da zai mai da fili taɓo, ko rana ta ƙona shi. Kana sa hannu ne a kan ƙasar da ba ka gani ba. Haka batun nauyi. Can duk ranar Talata ake fitar da sabon makin dawaki, kuma maki ɗaya laba ɗaya ce a bayan doki. Wanda dokinsa ya ci tsere da tazara mai yawa ranar Laraba ya san mai ƙayyade nauyi zai ɗora masa kaya, sai ka ga yana rawar jiki ya sake fito da shi kafin sabon makin ya fara aiki, ko da dokin bai gama hucewa ba. Dokar ce ta tura shi, amma in ƙafa ta karye sunansa za a kira.

Wani lokacin ma hukuma tana da gaskiya, kuma duk da haka kai ne za ka kwana a ciki. A watan Fabrairun 2019 murar dawaki ta ɓulla a wata barga a Ingila, hukumar tsere ta Birtaniya, BHA, ta tsayar da tsere gaba ɗaya daga ranar 7 ga wata, ba a dawo ba sai 13, aka killace barga sama da 100. Da za a dawo sai aka ce dokin da ba a yi wa rigakafi cikin wata shida da suka wuce ba ba zai yi gudu ba, alhali dokar da kowa ya sani ta shekara guda ce. Doki kuma in an yi masa allurar sai ya yi kusan mako kafin a bar shi ya shiga tsere. Mutanen da ba su karya dokar komai ba suka rasa tseren share fage, ga babban taron Cheltenham saura wata guda. Da ni ne a kujerar hukumar, wataƙila abin da zan yi ke nan. Da ni ne mai dokin, da na fi haka ihu.

Ka ce me ya hana a ƙi fitowa. An taɓa yi. A wannan watan na Fabrairun 2019 masu horarwa suka ƙaurace wa wasu tsere a filin Lingfield da ke Ingila saboda an rage kuɗin kyauta, har wani tseren doki ɗaya tak ya fito, aka zauna aka daidaita na ɗan lokaci. A farkon 2024 kuma an gwada tseren daren Lahadi sau shida a Birtaniya, mahaya da yaran barga suka nuna ba su so, don mutum zai dawo gida tsakar dare ya tashi da asuba, aka bar shi. To ka ga ƙorafi yana aiki wani lokaci. Amma haɗin kanmu ba ya daɗewa, kuma dalilin a fili yake. Mai doki ɗari biyu in an ɗaga tsere yana da wani dokin da zai dace da sabuwar ranar, mai goma sha biyu ba shi da shi. Mai dokin da ke biyanka kuɗin kiwo duk wata yana son ya ga dabbarsa a fili, bai damu da rigimarka da ofis ba. Kuma duk ranar da mutum tara suka janye, na goma yana ganin kyauta ce aka ajiye masa a faifai. Na taɓa zama na goman nan, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya rage a hannunka shi ne ka iya cewa a'a. Dubi Amurka. Manyan tserensu uku na 'yan shekara uku, Kentucky Derby da Preakness da Belmont, cikin mako biyar ake yin su, tsakanin na farko da na biyu mako biyu kacal. Doki 13 ne kawai suka taɓa cinye ukun, na ƙarshe Justify a 2018. A 2022 Rich Strike ya ci Derby aka ƙi kai shi Preakness. A 2025 Bill Mott ya yi haka da Sovereignty, mutane suka yi ta surutu wai ya ɓata al'ada, bayan mako biyar dokin ya fito ya ci Belmont. In mutum zai iya juya wa Preakness baya don dokinsa ya huta, tseren Asabar ɗinmu bai kai a yi asarar jijiya a kansa ba.

Ga abin da nake so ka fara yi daga wannan makon. Kowane doki da kake kula da shi, ka buɗe littafin jadawali ka nemo masa tsere uku: wanda muke nufi, da wanda za mu koma in an ɗaga ko an cire mu, da na uku in ƙasa ta ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta duk ranar da aka canza mana lokaci, da abin da sanarwa ta ce game da ƙasa, da abin da muka tarar. Shekara uku ke nan ina kai irin wannan littafi taron ƙungiyar masu horarwa, kuma sau ɗaya ya sa an matsar da wani tsere mako biyu. Sau ɗaya ne, amma ihuna a waya ko sau ɗayan bai taɓa samu ba.

Gobe kada ka sa masa sirdi. Ka ja shi da hannu minti arba'in, in kun dawo ka shafa bayan ƙafafunsa na gaba daga gwiwa zuwa kofato, hagu da dama, ka ji ko ɗaya ta fi ɗaya ɗumi. Ka rage masa hatsi kashi ɗaya cikin uku har zuwa Alhamis. Na ga wani tsere na mita 1,400 nan da kwana goma sha tara, ya ɗan yi masa gajarta, amma ka duba sharuɗɗansa ka gaya mini ko makinsa zai shiga.