Burodin kitso na Yahudawa: me ya sa ba a sa masa madara?

Tambaya: Ina zaune a Manchesta ta Ingila. Maƙwabciyata Bayahudiya ce, duk Juma'a ƙamshin burodinta ke cika layinmu. Ta taɓa ba ni guda, mai kitso, mai sheƙi, ta ce wurin kakarta ta koya. Na ga kafin ta kitsa ta tsinki ɗan kwaɓi ta ƙona. Da na yi nawa da madara da bota, sai ta ce ba shi ba ne. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yar'uwa, burodinki ba laifi gare shi, sai dai wani burodin ne daban. Nata sunansa halla, a rubuce challah, burodin daren Asabar, wato daren Juma'a wayewar Asabar, ranar hutun Yahudawa. A dokar abincin Yahudawa ba a haɗa nama da nono a ci ɗaya, tuwon daren Asabar ɗinsu kuwa galibi da kaza ko naman shanu ake yi. Shi ya sa ake kwaɓa shi da man gyaɗa ko wani man ganye, da ƙwai da ruwa, domin ya hau teburi kusa da nama. Da kin zuba madara, kin fitar da shi daga wannan teburin.

Ɗan kwaɓin da ta ƙona ya fi kitson tsufa nesa ba kusa ba. A Attaura, Littafin Ƙidaya sura ta 15, an umarci Bani Isra'ila su ware wani kaso na kwaɓinsu su ba firistoci. Bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, aka koma cire curi kamar girman ɗan zaitun a ƙone shi, idan kwaɓin yana da yawa. Al'ada ta ɗora wannan aikin a hannun matar gida, wasu ma a lokacin suke yi wa 'ya'yansu addu'a. Idan ta ce gadon kakarta ne, har da wannan take nufi.

Za ki lura burodi biyu ake ajiyewa, a lulluɓe da mayafi. Tunawa ne da manna, abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, wanda Alƙur'ani ma ya ambata a Suratul Baƙara. A ruwayarsu, ranar Juma'a rabo biyu suke tsinta, don ba a fita nema ranar Asabar. Shi kuwa kitson, a wajen ƙarni na 15 ya bayyana tsakanin Yahudawan Jamus da Ostiriya, ya bi su zuwa Poland da Lituweniya da Rasha, daga can ya shiga Ingila da Amurka tare da masu hijira daga 1881 zuwa gaba. Yahudawan Yaman da na Habasha nasu burodin daban ne. A bikin sabuwar shekararsu kuma zagayayye ake yi, a tsoma a zuma.

Yawancin waɗannan kakanni ba su bar takarda ba. Da ido da tafin hannu suke awo. Iyalai da yawa sun rasa tsofaffinsu a kisan ƙare-dangi na Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka hallaka Yahudawa miliyan 6, don haka wadda ta gaji hannun kakarta ta gaji abu mai tsada. A ganina ki roƙe ta ki tsaya kusa da ita wata Juma'a da safe. Da rana ta faɗi ba ta sake kunna wuta sai bayan faɗuwar ranar Asabar.

Kafin nan, ga awon farawa: fulawa giram 500, ƙwai 2, mai cokali 4, sukari cokali 4, yis giram 7, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, ruwan ɗumi kusan mililita 180. Ki murza na minti 10 har kwaɓin ya daina kama hannu, ya yi santsi, ya ɗan yi tauri. Kwaɓi mai ruwa ba ya riƙe kitso, a tanda zai baje layukan su ɓace. Ki rufe ya ninka.

A kitso ne aka fi samun matsala. Ki fara da igiya uku, ki bar shida sai hannu ya faɗa. Kowace igiya ki mulmula ta da kauri a tsakiya, siririya a baki, ki bar ta ta huta minti biyar idan tana komawa baya. Kada ki ja ki matse kamar mai yi wa yarinya kitson sallah. Sako-sako ake yi, don kwaɓin ya samu wurin tashi, in ba haka ba zai yage a gaɓoɓi. Ki cusa bakin a ƙasa, ki bar shi ya sake tashi har ki danna da yatsa gurbin ya dawo a hankali. Sannan ki shafa ruwan ƙwai, ki barbaɗa riɗi, ki gasa a zafin digiri 180 na minti 25 zuwa 30. Ki juya shi ki ƙwanƙwasa ƙasan. In ya yi ƙarar rami, ya gasu.