Amsoshin Tambayoyinku: Barin Gida a Tsakiyar Sanyi

Tambaya: Zan yi tafiyar hutu ta mako uku da iyalina, kuma inda muke sanyi yakan kai ruwa ya daskare. Ko zan iya kashe na'urar ɗumama gida gaba ɗaya don rage kuɗin wuta da gas?

Amsa: Malam, kada ka kashe ta, kada garin neman ƙiba a samo rama. Rage ta za ka yi, amma kada zafin cikin gidan ya gaza digiri 13 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa yana daskarewa ne a digiri 0, sai dai bututun da ke cikin bangon waje, ko saman silin, ko gareji, ya fi tsakar ɗaki sanyi nesa ba kusa ba. Falo na iya nuna digiri 8 alhali bututun da ke bayan bango ya riga ya zama ƙanƙara.

Idan ruwa ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Mutane na zaton daidai wurin ƙanƙarar bututu ke fashewa, amma galibi ba nan ba ne. Ƙanƙarar tana toshe hanya, ta dinga tura ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe, matsi ya yi ta hauhawa har bututun ya tsage a inda ya fi rauni. Ba a ganin ɓarnar sai ranar da sanyi ya sassauta, ƙanƙara ta narke, ruwa ya yi ta kwarara babu kowa a gida.

Shi ya sa a wurinmu ɗumi kaɗai bai isa ba, domin lantarki na iya ɗaukewa, na'urar ma na iya tsayawa. Rufe babban makullin ruwa, wanda yawanci yake kusa da mita ko inda bututu ya shigo gida. Gwada shi mako guda kafin tafiya, don makullin da ya shekara ba a taɓa ba yakan cije, ko ya rufu amma ruwa na ci gaba da wucewa. Bayan ka rufe, buɗe famfunan sama, sannan ka buɗe wanda ya fi kowanne ƙasa, na zafi da na sanyi, har ruwan ya tsiyaye. Kora masai har tankinsa ya zama wayam. Ruwan da ya rage a lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu da cikin masai, a zuba masa kofi ɗaya ko biyu na maganin hana daskarewa wanda aka yi don bututun gida. Kada a yi amfani da na mota, guba ne ga yara da dabbobi.

Akwai wurare biyu da ake yin kuskure. Idan za ka zubar da ruwan tukunyar dafa ruwan wanka mai aiki da lantarki, kashe wutarta tukuna, in ba haka ba ƙarfen da ke dafa ruwan zai ƙone cikin ɗan lokaci. Idan kuma da ruwan zafi ake ɗumama gidan, ko akwai bututun kashe gobara a silin, kira mai aikin famfo ya nuna maka makullin da za ka rufe da wanda za ka bari. Cire tiyo daga famfon waje, bar ƙofofin ɗakuna da na kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe don ɗumi ya ratsa, ka kuma sa sabon batir a na'urar daidaita zafi idan mai batir ce.

Duba takardar inshorarka ma. Kamfanoni da yawa suna gindaya sharaɗin a bar ɗumi a kunne, ko a tsiyaye bututu, ko a samu mai leƙa gidan, kuma sukan ƙi biya idan an saɓa.

Tambaya: Mun wayi gari famfon kicin ba ya kawo ruwa, sauran kuwa suna kawowa. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, alama ce ta bututun kicin ɗin ya daskare. Bar famfon a buɗe, ki bi bututun da hannu har ki ji inda ya fi sanyi, ki duba ko ya kumbura ko ya tsage. Idan ya tsage, rufe babban makulli ki kira mai gyara. Idan lafiyarsa ƙalau, ɗumama shi da na'urar busar da gashi ko tawul da aka jiƙa da ruwan ɗumi. Fara daga wajen famfo ki nufi ciki, domin ruwan da ya narke ya samu mafita. Wanda ya fara daga tsakiya yana ƙara matsin da ke fasa bututu ne. Kada ki kusanto da harshen wuta ko kaɗan, kuma kada ki riƙe kayan lantarki kina tsaye cikin ruwa. Nan gaba a naɗe bututun da soson rufe bututu, a toshe kafar da iska ke shigowa, a kuma bar famfon yana ɗiga kaɗan a daren da sanyi ya tsananta.

Tambaya: Rufin gidana sabo ne, amma duk lokacin da dusar ƙanƙara ta taru sai ruwa ya ɗigo ta silin kusa da bango.

Amsa: Malam, da wuya laifin rufin ne. Ɗumin ɗaki ne ke tserewa sama, ya narkar da dusar da ke kan rufi. Ruwan ya gangaro bakin rufi inda babu ɗumi, ya sake daskarewa ya zama shinge, wanda ke biyo baya kuma ya taru ya kutsa ta ƙarƙashin rufin. Maganin dindindin shi ne a toshe kafofin silin, a ƙara kaurin abin tare zafi a samansa, a bar iskar waje tana ratsa ƙarƙashin rufi. Kafin sanyi ya shigo a kwashe ganyen da ke cikin indararo. Idan dusa ta sauka, a janye ta bakin rufi kamar mita 1 da doguwar manjagara, kana tsaye a ƙasa. Kada ka hau rufi, kada ka sari ƙanƙara da gatari.

Tambaya: Ta yaya zan hana ɓarayi gane cewa ba ma nan?

Amsa: Malama, wasiƙun da suka taru a ƙofa da dusar da babu sawun kowa a kanta su ne ke tona asiri. Samu amintaccen maƙwabci ya riƙa kwashewa da sharewa, ya kuma shiga ciki duk bayan kwana biyu ko uku ya ji ɗumin gidan. Sa fitilu biyu a kan agogon da ke kunna su yana kashewa, a ɗakuna daban, a lokuta daban. Hotunan tafiya kuma a jira sai an dawo kafin a sa su a Facebook.

Tambaya: Idan wuta ta ɗauke cikin tsananin sanyi, zan iya tayar da janareta a gareji in bar ƙofa a buɗe?

Amsa: A'a, Malam, ko da ƙofa da tagogi duk a buɗe suke. Janareta da garwashin gawayi suna fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. A ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa na kallon nesa da gida. A sa ƙararrawar gano wannan iska a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana, a kuma share dusar da ta toshe bakin bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida. Idan ƙararrawar ta yi kuka, a fitar da kowa waje nan take, daga can a kira jami'an agajin gaggawa.